Kwanakin da Inna Ta Daina Suyar Ƙosai

Ranar wata Talata ce cikin watan Rajab, da hantsi, a gidanmu na Tudun Wada. Mu huɗu ne a gidan: mahaifiyata, wadda muke kira Inna; ni, ina 'yar shekara tara ko kusa da haka; ƙanena ɗan shekara uku, yana kwance a ƙuryar ɗaki; sai Malama, wadda ta yi sallama ta shigo da ludayi a hannu. Baba ya fita tun asuba. Yana cikin masu gyaran layin dogo, a zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da zama abin yau da kullum a Zariya ba.

Malama dattijuwa ce, doguwa, fuskarta duk zanzanar agana da ta yi tun tana yarinya. Daga cikin birni ta fito bayan rasuwar mijinta, ta zauna a lungunmu. Tudun Wada a lokacin unguwar baƙi ce. Wannan daga Katsina, wancan daga Bida, wani daga Borno, kowa aiki ko fatauci ya kawo shi, ya zo da matarsa ya ajiye ta inda ba ta da uwa ba ta da gwaggo. Malama ce ta zame wa matan nan dangi. Bayan azahar sukan taru a tsakar gidanta da goyonsu, ta koya musu alwala da salla da haɗa baƙi. Ita ake kira in naƙuda ta yi tsanani, ita ke raba faɗan maƙwabta. Mai unguwa kansa, in magana ta shafi mata, wurinta yake aikowa.

Da hukuma ta fito da 'yan duba-gari, aka ce za su riƙa shiga gidaje suna leƙa randuna da shara da marasa lafiya. Magidanta suka ce ba namijin da zai wuce musu zaure. Rigima ta kusa tashi. Malama ta yafa mayafinta ta tafi gidan mai unguwa, ta zauna bayan ƙofa, ta ce maza su tsaya a zaure, ita za ta shiga ta dubo musu. Aka kai maganar gaban Bature ta bakin tafinta. Ya yarda, amma da sharaɗi: abin da ta gani shi za ta faɗa. Ta ce ko bai gindaya mata ba, haka take.

Daga nan ta sami ludayin. Takan tsoma shi cikin randa ta ɗaga a rana ta ga ko akwai tsutsar sauro, tana yi tana tambayar matar gida karatun jiya. Mata suka laƙaba mata Malama duba-randa. Takan ce gara ita da ƙattin nan masu gajeren wando, sai a yi dariya.

Inna ce ta fi kowa ƙwazo a makarantar. Da girmanta ta fara, amma har ta kai tana rubuta sunan garinsu a allo ba tare da an kama mata hannu ba. Malama ba ta kiranta da komai sai 'yata.

Ƙanena ya fara da zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki ƙuraje suka feso masa a fuska da tafin hannu. Inna ta gane ko mene ne. Ta kuma san, kamar yadda kowa ya sani, cewa wanda aka samu da agana ana kai shi wasu bukkokin ciyawa a bayan gari, ta wajen Tudun Jukun, ba a barin uwa ta bi, kuma ba kowa ke dawowa ba. Sai ta jawo buhunan wakenta ta jera su a tsakiyar ɗaki, ta shimfiɗa masa tabarma a bayansu. Baba ya gani, ya kau da kai.

Matan unguwarmu sun yi imani cewa gidan da agana ta shiga ba a ɗora mai a wuta, domin ƙamshin suya yana tunzura ƙurajen. Inna kuwa sana'arta ƙosai. Kullum da sassafe take suya, ni in ɗauki faranti in kai wa leburori bakin layi. Saboda ɗanta ta kife kaskon. Ta rufe ƙofa, ta hana ni wasa, ta koya mini abin da zan ce in an tambaye ni, amma ba ta tuna cewa duk lungun da ƙarar kaskonta yake tashi ba.

Malama ta duba randa, ta ga ruwa tsaf. Ta ce kwana biyu ba ta ji ƙamshin ƙosai ba, ba ta kuma ga 'yarta a makaranta ba. Inna ta ce wake ne ya ƙare. Malama ta dubi ƙofar ɗaki, inda iska ta ɗan ɗaga asabari.

"Waken da ya ƙare ne ya yi katanga a ɗakinki?"

Sai yaron ya yi ɗan kuka daga ciki.

Malama ta ajiye ludayin a kan murfin randa ta shiga. Na bi ta har bakin ƙofa. Ta durƙusa, ta buɗe tafin hannunsa da hannunta, ta daɗe tana kallo. Da ta fito, Inna ta zube ta kama gefen zanenta. Ta roƙe ta da Allah da Annabi. Ta ce a garin nan ba ta da uwa sai ita, ta ce ba za ta bari ko kaza ta shiga ɗakin ba, ta ce in ajalinsa ne a bar shi ya cika a hannunta.

Malama ta tuna mata cewa ranar da zazzaɓin ya fara, da yaron ta zo makaranta a bayanta, ta zauna tabarma ɗaya da matar wani maɗinki wadda jaririyarta ko arba'in ba ta yi ba. Ta ce in ta yi shiru aka gano daga baya, gobe maza ne za su shiga ɗakin kowace mace a Tudun Wada, kuma ba wanda zai iya cewa ba su da hujja.

"'Yata, ni na riga na yi agana, ba ta kama mutum sau biyu. Ni zan goya shi in kai shi. Ni zan zauna da shi har abin da Allah ya yi."

Inna ta saki zanen, ta miƙe. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ashe karatun da kike koya mana hanyar shiga ɗakunanmu ce, Malama."

Malama ta dube ta. Ta koma ciki, ta goya yaron, ta lulluɓe shi da mayafinta, ta fita da kanta a buɗe sai kallabi. Ban taɓa ganinta a waje haka ba. Ludayin ta manta shi a kan randa.

Da la'asar 'yan duba-gari suka zo, suka tsaya a zaure kamar yadda aka yi alkawari. Baba ne ya fito musu da tabarmar da 'yan tufafin yaron, aka ƙone a bayan gida. Suka yi mana lambar riga-kafi a dantse. Inna ta bayan asabari ta miƙo hannu, ba ta nuna fuska ba. Tabon yana hannuna na hagu har yau.

Malama ta cika maganarta. Akwai wani durumi da aka yi iyaka da shi, ba a wuce shi zuwa bukkokin. Kowace safiya Inna takan dama kunu, Baba ya raka ni in ajiye ƙwarya a gindin bishiyar mu ja da baya. Malama ta fito ta ɗauka, ta faɗa mana daga nesa yadda ya kwana: ya sha kaɗan, ya nemi Inna, idonsa ɗaya ya rufe. In mun dawo Inna ba ta tambaya. Amma in Baba yana ba wani labari a zaure, takan tsaya jikin bango da tsintsiya a hannu har ya gama.

Wata Juma'a muka je, Malama ta fito ba ta taɓa ƙwaryar ba. Ta ce wa Baba ya yi haƙuri. Ita ta yi masa wanka, ita ta sa shi a likkafani. A can aka binne shi. Baba da wasu mutum kaɗan suka yi masa salla daga wajen durumin. Inna ba ta ga gawarsa ba, ba ta kuma san inda kabarin yake ba sai da kwatance.

Bayan an sallamo Malama, ta zo ta'aziyya cikin zanen aro, domin nata an ƙone. Ta rame ƙwarai. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya yadda ake amsa wa baƙuwa. Malama ta fara cewa akwai abin da yaron ya faɗa a kwanakinsa na ƙarshe, in tana so ta ji. Inna ta juya ta ce mini in ɗauko wa baƙuwa ludayinta. Yana nan inda aka bar shi, domin tun ranar daga tulu Inna take ɗiban ruwa, ba ta sake buɗe randar ba. Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi addu'a, ta tashi.

Ba wani yaro a lungunmu da ya sake kamuwa a shekarar. Jaririyar matar maɗinkin ta rayu, na ga aurenta. Ban san ko saboda abin da Malama ta yi ne ba, kuma mata ba su tsaya auna wannan ba. Abin da suka riƙe shi ne ta shiga gida da ludayi ta fito da ɗan mutane. In ta yi sallama sai a ce matar gida tana wanka. Makarantar ta riƙa raguwa, har ya zama tabarma ɗaya ta ishi masu zuwa, su ma ba sa zuwa da goyo. Wani abu kuma ya canza: daga lokacin, gidan da ke ɓoye mara lafiya shi ya fi kowa suya, don kada a gane.

Malama ta koma gidan mai unguwa ta ce ta ajiye aikin, tunda ba ta iya duba abin da aka rufe mata. Kafin damina ta kewayo, 'yan duba-gari maza suka fara shiga har tsakar gida, da ɗan doka a bayansu.

Malama kuwa ta koma Dutsen Abba wurin wani ƙanenta, a can ta rasu. Inna ta ci gaba da suyar ƙosai har tsufanta. Ba ta sake zuwa wata makaranta ba, kuma baƙaƙen da ta iya a wurin Malama su ta fara koya mini.