Lammert da Faifan Hillie

A ƙauyenmu Ellerveen, can gabashin Holan, in ka ambaci Lammert Oosting sai a ce maka, "Mai faya-fayai?" Amma tsofaffin da suka san shi tun yana saurayi sun san ba mutumin kiɗa ba ne. Direban tankar madara ne, rabin rayuwarsa ya yi ta yana bin gonaki, kuma ko rediyon motar ba ya kunnawa. Ranar aurensa da Geesje sai da aka ja shi da ƙarfi kafin ya taka rawa, ya tattake mata ƙafa, ya koma ya zauna.

Mai kiɗan shi ne maƙwabcinsa, Jans Meijering kafinta. A wancan zamani kusan kowane ƙauye a yankinmu yana da gidan rediyonsa na ɓoye, wanda hukuma ba ta ba izini ba. Namu yana cikin rumfar Jans, bayan akurkin kaji. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ya ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe, ya dinga saka ƙananan faya-fayan garmahon nan masu waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ba ya saka abin da ake yayi. Nasa su ne waƙoƙin da suka ɗan leƙo duniya shekara goma baya, aka ji su na ɗan lokaci, aka manta da su da masu su. Tsakanin waƙa da waƙa yana gaishe-gaishe yana tsokanar mutane.

Kullum da faifai ɗaya yake rufe shirin, na matarsa Hillie. Tana budurwa wani kamfani a birni ya buga mata shi. Waƙar ta shiga can wutsiyar jerin waƙoƙin da ake so, ta faɗo, Hillie ta koma aikinta a masana'antar garin dankali. Bayan ciwon daji ya ɗauke ta Jans bai fasa ba. Matan ƙauye sukan ajiye wanke-wanke har waƙar ta ƙare.

Wata rana da aka sha ruwan sama, tankar Lammert ta zame a laka ta kwanta cikin kwata, madara ta malale. Bai ji ciwo ba, sai dai ya sha faɗa wurin maigidansa. Ranar Lahadi Geesje ta kunna rediyo a kicin, sai ga muryar Jans:

"Wannan waƙa ta maƙwabcina Lammert ce, mutum mai tausayi. Ya ga kwaɗin ƙauyen nan sun rame, ya kai musu madara har gida."

Geesje ta yi dariya har da riƙe ciki. Satin nan duk gonar da ya shiga da kukan kwaɗo ake tarbarsa. Lammert ba mutum ne mai iya rama magana ba, sai ya haɗiye. Ranar da ya ji yaran makaranta ma sun ɗauka, ya tsayar da mota a garin da ke gaba, ya shiga rumfar tarho ta bakin hanya, ya buga wa masu farautar gidajen rediyon ɓoye. Bai faɗi sunansa ba. A ransa za su zo su sauke eriyar, su ci Jans ɗan tara, bakinsa ya mutu na wata guda.

Ranar Lahadi suka zo, su da 'yan sanda, daidai lokacin da waƙar Hillie take tsakiya. Lammert yana bayan labule yana kallo. Ba eriya kaɗai suka ɗauka ba. Suka fito da na'urar, suka fito da garmaho, sannan suka shiga jidar akwatunan faya-fayai. Jans yana bin su da silifas yana cewa, "Ku kwashe duka, guda ɗaya kawai za ku bar mini." Suka ce komai shaida ne. Daga baya kotu ta sa aka lalata kayan gaba ɗaya.

Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. Jans ya ɗora zargi a kan Berend, ƙanen Hillie, don ya taɓa ce masa ya daina saka muryar 'yar'uwarsa kowane mako, yana fama wa tsohuwarsu ciwo. A mashayar ƙauye ya tare shi a gaban jama'a.

"Ka ji daɗi yanzu? Ka binne ta sau biyu."

"Jans, ba ni ba ne."

"Kada ka ƙara kiran sunana."

Lammert yana wurin, a teburi na kusa, idonsa a cikin kofin giyarsa. Daga ranar Jans da Berend ba su sake magana ba. In sun haɗu a hanya ɗaya sai ya tsallaka titi.

Bayan 'yan watanni Geesje ta ja Lammert kasuwar gwanjo neman kujera. A ƙarƙashin wani teburi ya hangi kwali cike da ƙananan faya-fayai, ya gane hoton bangon wani daga ciki, don ya sha ganinsa a rumfar Jans. Ya saya, ya kai masa.

Jans ya juya shi gaba da baya. "Kai, maƙwabci! Ina ka tono wannan? Kai da ko bushe-bushen coci ciwon kai suke sa ka?"

"Gani na yi kawai."

Asabar ta gaba Lammert ya koma kasuwar shi kaɗai. Daga nan abin ya zame masa aiki. Ya bi kasuwannin gwanjo na garuruwan kusa, ya tsallaka har Jamus, ya durƙusa gaban kwalaye har gwiwoyinsa suka lalace. Da farko sai ya tambayi Jans sunayen waɗanda suka ɓata, daga baya ya fi Jans saninsu: wace ce ta yi waƙa ɗaya ta auri mahauci ta daina, waɗanne 'yan'uwa ne suka ɓata a kan jita suka watse. Abin da bai zata ba, wasu waƙoƙin suka fara shiga ransa. Yakan tsinci kansa yana rera su a mota, sai ya ji kunya ya yi shiru, kamar ya ci abincin da ba nasa ba.

Jans bai sake ɗaga eriya ba. A kicin yake saka faya-fayan, su biyu da kofi. Ko'ina ya zauna cewa yake, "Ni ba ni da ɗan'uwa a duniya sai Lammert. Wanda muka haɗa dangi ya sayar da ni, bare ya tsince ni." Duk ranar da ya faɗi haka Lammert ba ya iya cin abincin yamma. Sau da yawa ya tsara maganar a ransa, ya tsallaka shinge da niyyar faɗa, sai Jans ya tare shi da murna ya ja masa kujera, maganar ta koma ciki.

Shekaru suka ja. Lammert ya yi ritaya, kansa ya yi fari. Sai kuma yayi ya juyo, samarin birni suka shiga neman tsofaffin waƙoƙin nan, suna zuwa har ƙofarsa da tambayoyi. Wani gidan rediyo mai izini ya roƙe shi ya riƙa gabatar da shiri, ya ƙi. Faifan Hillie ne kawai bai taɓa cin karo da shi ba, don kaɗan aka buga.

Da shanyewar jiki ta kama Jans aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Wata rana Lammert ya je duba shi, ya tarar yana ta motsa baki.

"Maƙwabci, baiti na biyu na waƙar Hillie ya gudu mini. Na farko yana nan. Na biyun na neme shi na rasa."

Washegari Lammert ya hau keke ya nufi gidan Berend, inda ya daɗe yana zargin akwai faifan amma ya kasa zuwa. Berend ya tsufa shi ma, shi kaɗai yake zaune. Ya saurare shi a tsaye, ya shiga ɗaki, ya fito da abu naɗe cikin tawul.

"Tun ranar da aka buga shi yake wurina," in ji Berend. "Da sau ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofar nan, ko zagina ya zo yi, da na ba shi." Ya dubi Lammert. "Kai ma ka yarda ni ne?"

"A'a."

"To, kai kaɗai ne a garin nan. Na gode."

Lammert ya karɓi faifan. A hanya sai da ya sauka daga keken ya tura shi.

Da rana ya kai wa Jans, tare da ƙaramin garmaho. Muryar Hillie ta fito siririya, da ƙarar tsufan faifai a bayanta. Jans ya rufe ido, yana bin ta da rabin bakin da ya rage masa. Sau uku aka maimaita. Sannan ya ce, "Wa ya ba ka?"

"Berend."

Jans ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Ka gani? Sai yanzu abin ya dame shi. Mai laifi ne kawai yake kawo irin wannan kyauta."

"Jans, ba Berend ba ne."

"Haba, maƙwabci. Kai kowa na kirki ne a wurinka. Shi ya sa nake son ka. Ƙara saka mini."

Lammert ya buɗe baki. Tsohon yana kallonsa da ido ɗaya mai ruwa, yana jira a saka masa waƙa. Sai ya sunkuya ya mayar da allurar kan faifai.

Jans ya rasu kafin bazara. Berend ya zo jana'izar, ya tsaya can baya kusa da ƙofa. Da aka koma zauren coci shan kofi da kek, mutane suka bar kujerun da ke gefensa babu kowa. Lammert ya ɗauki kofinsa ya je ya zauna kusa da shi.

Berend ya ce, "Ya saurara?"

"Ya saurara. Kullum sai an saka masa."

"Ka ce masa daga wurina yake?"

"Na ce."

"Me ya ce?"

Lammert ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Ya ce a gode maka."

Berend ya gyaɗa kai. Ya ɗauki kek ya kai baki, sai ya ajiye shi, ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Geesje ta hango su daga nesa, ta kawo wa Berend ruwa. Lammert ya zauna nan tare da shi har aka fara tattara kofuna, sannan ya raka shi gida a ƙafa.