Wagdi Surur, Wanda Ya Riga Kansa

Wagdi Surur mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kamar kullum akwai mara lafiya a ɗakin da ke kusa. Kusan shekara ashirin teburina na kallon nasa a kamfaninmu da ke unguwar Ma'adi a Alƙahira. A Shibin el-Kom aka haife shi, ubansa malamin firamare ne, shi ma ɗan da ciwon koyarwa ya tashi. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya jawo takarda ya fara yi maka zane.

Aikinmu guda ne: mu kai saƙo daga wannan ƙwayar lantarki zuwa waccan ta kan siririn layin tagulla, da gudun da hankali ba ya ɗauka, ba tare da ya lalace a hanya ba. Tagulla kuwa ba ta son gudu. Bugun saƙo zai fita tsaf, amma ya isa da jela, jelar ta hau kan bugun da ke bin sa, har mai karɓa ya kasa bambance ɗaya da sifili. A allon awo, saƙo mai lafiya yakan fito da siffar buɗaɗɗen ido, in ya lalace idon ya rufe. To mu masu ƙera abin yanke jelar nan ne.

A bakin lif ɗinmu akwai bango da aka jera allunan katako, kowanne da sunan ma'aikacin da ya samu takardar mallakar ƙirƙira daga ƙasashen waje. Dokar kamfani ce, ba mai zama shugaban sashe sai da allo. Wagdi na da furfura, ba shi da allo. Ba ya maganar, amma mun lura in yana jiran lif, ƙasa yake kallo.

Ana nan sai ya gano wani abu. Na'ura in ta ɗau zafi, tagulla kan sauya hali, jela ta ƙara tsawo, saitin da aka yi da safe ya daina aiki da rana. A lokacin dole a tsayar da layin a sake saiti. Shi kuwa ya samo dabarar da abin yankan zai riƙa leƙa gefen idon yana gyara kansa, layi na ta tafiya. Ya kwashi takardunsa ya nufi Dokta Hazim, manajanmu. Ƙofar a buɗe take, duk muna ji.

"Ya Dokta, minti biyar kawai."

"Na san minti biyar ɗinka, Wagdi. Wancan karon sai da shayina ya huce, aka kawo wani, shi ma ya huce."

Dokta ya dai saurara, yana danna waya. Da Wagdi ya kai ƙarshe sai ya ce, "Wa ya aike ka? Akwai mai saye da ya yi kukan zafi?"

"Za su yi, ya Dokta."

"In sun yi ka tashe ni. Wannan abin wasan yara ne. Kai wa ɗalibanka su yi wasa da shi, ka dawo ka yi mana aiki."

A wurinmu kowane ɗalibin injiniya sai ya yi aikin kammala karatu a shekararsa ta ƙarshe, kuma injiniyoyi masu aiki kan koma jami'a ranar Asabar su duba yaran, kyauta. Yawancinmu mukan yi shekara ɗaya mu gudu. Wagdi bai taɓa fashi ba. Asabar ce kaɗai ranar da ake jin muryarsa daga bayan aji. Da Dokta ya faɗi haka, bai ji zagin ba, izini ya ji. Ya ba ɗalibai huɗu dabarar, suka gina ta, suka ci maki mafi girma. Kamar yadda aka saba, suka ɗaure littafin aikin da baƙin bango da rubutun zinariya, aka ajiye ɗaya a laburare, aka ɗora ɗaya a intanet.

Bayan kamar shekara biyu kukan ya zo. Wani babban mai saye da ke da ɗakunan ajiye bayanai ya rubuto cewa layukansa na yankewa in rana ta take. Ranar nan Dokta Hazim da kansa ya tako har teburin Wagdi.

"Bashmuhandis! Babban malaminmu! Ina abin nan naka na zafi?"

Kowa a ofishinmu bashmuhandis ne, wato babban injiniya, ko jiya ya gama makaranta. Amma ban taɓa jin Dokta ya kira Wagdi haka ba sai ranar.

Aka gina, aka gasa na'urar a akwatin zafi, ido ya tsaya a buɗe. Mai saye ya yi murna. Dokta ya ce a nemi takardar mallaka, sunan Wagdi a gaba. Al'adarmu, ranar da aka kafa allo mai shi kan kawo tiren basbusa, wani kek mai zaƙi da ake jiƙawa da ruwan sukari. Wagdi bai iya jira ba, ranar da aka tura wa lauya bayanan ya shigo da nasa tiren. Tamir, wanda Wagdi ya koya wa aiki tun bai san riƙon abin awo ba, ya cika baki da ita ya kira shi ammu, wato baffa, ya ce, "Ya ammu, ba a haihu ba ka yanka ragon suna?" Wagdi ya yi dariya. Dariyarsa ma a hankali take.

Lauyar kamfani, Ustaza Narmin, ta kira mu ɗakin taro bayan 'yan makonni. Ta juyo da kwamfutarta.

"Bashmuhandis Wagdi, ka san wannan littafin?"

Fuskarsa ta washe. "Na san shi mana. Yarana ne. Ɗaya daga cikinsu yana Jamus yanzu."

"Wannan zanen fa?"

"Da hannuna na gyara musu shi. Kin ga nan? Da farko sun juya shi, sai na ce musu..."

"Bashmuhandis." Ta cire tabarau. "Ya fi shekara a intanet. Abin da aka riga aka baza wa duniya ba a ba da takardarsa. Da cikin shekarar farko kuka zo, akwai ƙasar da za ta ɗaga ƙafa. Yanzu babu. An riga ka."

"Wa ya riga ni?"

Tamir ne ya amsa. "Kai mana, ya ammu."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da ita tari. Wagdi ya juya wajen Dokta.

"Ya Dokta, kai ka ce in kai musu."

"Ni? Cewa na yi ka kai musu wasa, ban ce ka kai musu dukiyar kamfani ba. Ranar da aka ɗauke ka ba ka sa hannu a takardar riƙe sirri ba? Ko ba ka karanta ba? Kai da kake karanta har jaridar da aka naɗo maka ƙosan ta'amiyya a ciki?"

"Amma ai ka ce..."

"Ka gode Allah ba mu kai ka kotu ba."

Kafin la'asar suna ya bi shi: An-Riga-Ka. In ya doso lif sai a riƙe masa ƙofa. "Shigo da sauri, Bashmuhandis, kada ka riga kanka." In ya makara wajen cin rana, "Ba ka gan ka ba? Yanzun nan ka ci ka tashi." Mai kawo mana shayi ma ya ɗauka, bai ma san ma'anarsa ba.

Ustaza Narmin ta ce akwai abin da za a iya cetowa, in aka ɗora wani sabon abu a kai. Tamir ya ƙara ɗan birki da ke hana abin gyaran yawo in layi ya zauna ba saƙo. Ƙaramin abu ne, amma sabo ne, kuma yana aiki. Da aka zo rubuta sunaye Wagdi ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ustaza, ai tushen nawa ne."

"Tushen na kowa ne yanzu, Bashmuhandis. Sabon kawai ake sa wa suna. In na rubuta ka a abin da ba kai ka ƙirƙira ba, takardar duka za ta iya rushewa."

Ba ƙarya ta yi ba. Takarda ta fito da sunan Dokta Hazim da na Tamir. A wajen da ake lissafa ayyukan da suka gabata an ambaci littafin, da sunayen ɗalibai huɗu. Sunan Wagdi a littafin ma a shafin godiya kawai yake, bayan na iyayen yaran. Aka kafa allo. Tamir ya zama shugaban sashe, shi ke sa wa Wagdi hannu in zai tafi hutu. Abu na farko da ya yi shi ne hana ma'aikatan sashe duba ɗalibai. Asabar ɗin Wagdi ta tafi ke nan.

Ya nemi aiki a wasu kamfanoni biyu. Masu wannan sana'a a Alƙahira duk sun san juna, aji ɗaya aka yi ko ana auratayya. A na biyun, mai yi masa tambayoyi ya kasa riƙe dariya tun kafin ya zauna. Ya dawo teburinsa.

Da aka ɗauki sababbin ma'aikata, Tamir ya zo ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa.

"Ammu Wagdi, kai da ke son koyarwa, mun samo maka aji."

Darasin riƙe sirri ne. Lauya ce ta shirya shafukan, an cire suna, an rubuta "wani injiniya". Tun daga lokacin kowace shekara Wagdi ke tsayawa gaban yara sababbin fita ya ba su labarin wani injiniya da ya kai wa ɗalibai dabararsa. Ɗakin na gilashi ne, tsofaffin ma'aikata kan wuce da kofin shayi a hankali, suna leƙe. Yana koyar da shi da kyau, har da zane, don bai iya koyar da abu rabi-rabi ba.

A bara na shiga ɗaukar wata igiyar awo ana tsakiyar darasin. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, tana murmushi.

"Bashmuhandis, wannan sakaran, an kore shi?"

Wagdi ya dubi alƙalamin allon da ke hannunsa, ya mayar masa da murfi.

"A'a," ya ce. "Yana nan. Mu je shafi na gaba."