Irin Cittar Hulda

Hulda, matar marigayi Azariya, ba ta taɓa shuka citta da niyyar haƙe duka ba. A ƙauyensu da ke gindin dutsen Kagoro kowa ya san ta da wannan hali. Tun kafin ruwan fari ya sauka ta riga ta cire wa shekara rabonta na asara, har matan zumuntar cocinsu suna tsokanarta, wai ita ce mai zaman makoki tun mara lafiya yana shan kunu.

Irin cittar na mahaifiyarta ne. A kwando aka ɗora mata shi ranar da aka kai ta gidan miji, kuma shekara arba'in da ɗaya bai yanke a hannunta ba. Da shi ta yi wa ɗaki rufin kwano, da shi ɗanta Kaleb ya gama kwalejin Gidan Waya ya zama malami.

Kashi uku take raba shi. Na fadama, wannan idan rafi ya so ya kwashe. Na tudu, shi kuma idan ruwa ya ɗauke da wuri ya ƙone. Na bayan gida kuwa da hannunta take lulluɓe shi da ganye, ba ta yarda kowa ya taka. Sai daro guda da take kai wa aminiyarta Miriyam can wajen Gwantu, Miriyam ta ba ta nata. Alkawarinsu tun suna amare shi ne, wadda ta rasa iri ta je ta karɓo a wurin 'yar'uwarta. Sau biyu rafi ya share fadamar, sau ɗaya tudun ya ƙone, Hulda ko a jikinta.

A daminar 2023 ganyen ya fara yin rawaya. Kaleb ya sayo magani ya fesa, a banza. Da ta tona gindi ɗaya, cittar ta narke mata a hannu kamar dafaffen dankali, ga wari. Cikin mako biyu fadama ta tafi, tudu ya bi, na bayan gida ma ya kwanta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta yi kuka ba.

"Mama, malamin gona ya ce ciwon nan ya kama ko'ina," in ji Kaleb. "Bari mu nemi sabon iri."

"Sabon iri ba na mamana ba ne. Nawa yana Gwantu."

Ya ce to a kira Miriyam a waya. Ta ce ba a roƙon iri ta waya, mutum da ƙafarsa yake zuwa.

Da lokacin haƙa ya yi, ta wanke daronta, ta ɗaura zanen zumunta, ta hau bas. A Gidan Waya ta sauka don ta canja mota. Tana tsaye a bakin titi sai ga wata mota daga Gwantu ta tsaya, wata tsohuwa ta fito a hankali tana dafa ƙofa. Miriyam ce, ita ma da daro a hammata, an wanke shi tas.

Suka daɗe suna kallon juna, 'yan acaɓa na ta kiran su.

"Maman Kaleb, ina zuwa haka?" in ji Miriyam.

"Wurinki."

Miriyam ta dubi daron Hulda, ta dubi nata. "Ni ma wurinki zan je."

Hulda ta kife daronta a ƙasa ta zauna a kai, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska.