Kofur Sai-an-karanta Ta Ajiye Kaki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa ta zo mu ji ta, amma fa mai labarin tana nan da ranta, ba tatsuniya ba ce.

Shekara da shekaru, kafin mai shara ya iso, Kofur ta riga ta goge kantar caji ofis, ta jera biro da tawadar dangwale. Aikinta ɗaukar bayani. Hali ɗaya ya ja mata baƙin jini: ba ta barin wanda bai iya karatu ba ya dangwala yatsa sai ta karanta masa takardar, daga sama har ƙasa. Abokan aiki suka laƙaba mata Sai-an-karanta, da gatse.

Wata safiya aka kawo wani kafinta, wai ya sace injin yankan katakon maigidansa. Sufeto ya fito da takarda a rubuce.

"Kofur, sa shi ya dangwala, sauri muke."

"Ranka ya daɗe, bari ya ji abin da ya faɗa."

"Au, makaranta muka buɗe a nan?"

Ita dai ta karanta. Da ta kai inda aka rubuta "ni na ɗauka", kafinta ya cusa hannuwansa a hammata. "Wallahi Yaya, ban ce haka ba! Cewa na yi ni na kulle shagon!"

Matarsa na bakin ƙofa da goyo. Ita ta ba ni labarin.

Sati bai zagayo ba aka ɗauke Kofur daga kantar ofis, aka tsayar da ita a bakin get tana ɗaga wa motoci shinge. Shekara tara cikin rana. Waɗanda ta koya wa ɗaukar bayani suka dawo da taurari a kafaɗa, ita ke sara musu.

Kofur, ke ce mai igiya biyu da ta fi masu taurari nauyi. Ke kika san yatsan talaka ma sa hannu ne. Mun gode, ƙanwata, Allah ya saka miki, tunda su ba su saka ba. Ku kuma masu kaki, karatun nan minti biyu ne. Ku karanta wa mutane.

Injin dai a gidan ƙanin maigidan aka same shi, kafinta ya koma sana'arsa. Sufeto ya samu ƙarin girma har sau biyu. Kofur ta yi ritaya watan jiya, babu ko takardar yabo, tana gida tana jinyar ƙafa. A kantar ofis kuwa, an ce yanzu layi ba ya daɗewa, dangwale kawai ake yi.