Azarar da Na Shafa wa Kunkunniya

Mijina magini ne, na ƙasa da tubali. Kafin a samu 'yancin kai da 'yan shekaru muna zaune a Indabo, ta ƙasar Wudil. A bakin kasuwa akwai wasu gidaje jere da aka soma ginawa don malaman gona, bango ya kai kafaɗa aka watsar. Damina uku suna shan ruwa, awaki na kwana a ciki. Daga baya aka ce ƙananan magina su ƙarasa. Malam, mijin nawa, ya samu ɗaki uku.

Amma da sharaɗi. Dagaci ya ce akwai kuɗin raya ƙasa a kan kowane ɗaki. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da azara, a rufe ɗakin shan magani na gari da ita.

Azara dai giginya ce aka tsaga, ita ke ɗaukar nauyin rufin soro. Ta gindi baƙa ce, mai nauyi, gara ba ta iya ta. Ta can sama fara ce, mai laushi, Malam jefar mini da ita yake yi in hura wuta. Na san wannan sarai, kada wani ya ce rashin sani ne.

Ya ware baƙaƙe goma sha biyu ya jingine a tsakar gida.

Na ce, "Malam, waɗannan za ka ba su? Su suka bar gini ya lalace, kai ka zo gyara, kuma kai za a tatsa?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya hutawa. Marasa lafiya ne za su zauna a ƙarƙashi."

"To, Allah ya ba su lafiya! Mu kuma mu ci tubali?"

Dariya ya yi, ya tafi kasuwar Wudil, don ranar Juma'a ce. Da hantsi 'yan aiken dagaci suka yi sallama. Namiji ba ya wuce zaure, ni zan miƙa. Na ce su jira. Na ja baƙaƙen na tura bayan rumbu na rufe da kara, da niyyar sayarwa. Fararen na goge su da kunkunniyar tukunya da laka har suka yi duhu. Suka ɗauka suna godiya. Rufin gayya aka yi, manoma ne, ba wanda ya tsaya gwada nauyi. Azarar Malam ce ai, wa zai duba?

Sayarwar kuma ta gagare ni. Wa zan kai wa bai tambaya ba?

A damina ta biyu, da safe ana ruwa, soron ya rufto. Gara ta cinye cikin azarar tas. Wata tsohuwa da ta zo karɓar maganin tari ta karye a cinya, ba ta ƙara takawa daidai ba. Aka kira Malam gaban dagaci, gari ya taru. Maƙwabciyata ce ta kawo mini abin da ya ce: "Daga gidana ta fito. Tawa ce." Aka ƙwace sauran aikin aka ba wani.

Da ya dawo na yaye karan, na jawo baƙaƙen azarar ɗaya bayan ɗaya na shimfiɗa a gabansa. Na koma gefe na tsaya. Ya daɗe yana kallo. Na so ya zage ni, wallahi na so.

Ya ce, "Miƙo mini gammo."

Shi kaɗai ya yi ta jigilarsu, ya sake rufin da hannunsa. Soron ya tsaya, amma sunansa bai dawo ba. Har ya rasu, katangar gona da gyaran rumbu kawai ake kiransa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mutanen Indabo da suka ce Malam maha'inci ne yawancinsu sun mutu. 'Ya'yansu dai sun iya karatu, don su na rubuta wannan. Ni ce, ba shi ba.