Ƙunshi na Goma Sha Takwas

Asabar: Gusau zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar gida, ni da Kawu Ilu. Sunana Hadiza, ma'aikaciyar laburare ce ni a wata kwaleji a Gusau, shekara goma sha ɗaya ina kaɗe ƙura ina rubuta kati. Wata gidauniya ce a Jidda ta buɗe horon wata uku kan gyaran tsofaffin littattafan rubutun hannu. Ta ce ta gaji da ganin fuskoki iri ɗaya a sana'ar, tana son mata da mutanen ƙasashen da ba a cika jin ɗuriyarsu ba. Na nema, Allah ya ba ni. Sharaɗin ɗaya ne: kowa ya zo da tsohon littafi daga garinsu da rubutaccen bayaninsa, ya gabatar ranar Talata da ƙarfe goma. Wanda ya zo hannu rabbana, jirgin Laraba na jiransa.

Nawa littafin na kakana ne, warƙa arba'in kan taurarin damina. Na naɗe shi da farin ƙyalle, na ɗora bayanina a kai, shafi biyu da na rubuta da Larabci, da tawada da alƙalamin kara, don burga. Na sa duka a kwali na musamman wanda danshi ba ya shiga.

Tafiyar ba ta yiwuwa sai da muharrami, maigidana kuma ba a ba shi hutu ba, sai abin ya faɗa kan Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, mai sana'ar kilishi. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Kafin mu tashi, unguwa ta ɗora masa saƙo ƙunshi goma sha bakwai na 'yan'uwa da ke Jidda: daddawa, kuka, yaji, man shanu, har da kaset na gaisuwa. Na ce ya bari in rubuta sunaye, ya ce shi kansa ne rajista.

A shingen Tsafe ɗan sanda ya buɗe jakar Kawu, daddawa ta yi masa sallama, ya rufe da sauri ya ce Allah ya kiyaye hanya. Mun karya da koko da ƙosai a Funtua, muka shiga Kano goma da rabi. A masauki na fita alwala, na bar Kawu yana gyara kaya. Da na dawo na ji kwalina ya ƙara nauyi, na ce a raina albarkar ilmi ce.

Lahadi: Kano zuwa Jidda

Jirgi ya tashi tara da rabi, awa huɗu da wani abu muka sauka. Daga filin jirgi zuwa Hindawiyya, tsohuwar unguwar da mutanenmu suka yi yawa, minti arba'in ne a tasi. Muka sauka gidan Hajiya Zulai, wata 'yar Gusau da ta zo umra shekarun baya ta manta hanyar komawa. Na ci shinkafa da kaza na kwanta. Kawu kuwa ko ruwa bai gama sha ba ya saɓi jaka ya shiga rabon saƙo.

Litinin: Hindawiyya da Mahjar

Ƙarfe bakwai na safe na buɗe kwali don in yi bita. Kilishi ne a ciki, an jera shi tsaf.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Kwali mai kyau haka, ba danshi ba ƙwaro, a bar wa takarda? Ai kilishi ya fi buƙata."

"Ina littafin?"

"Yana cikin jaka, na ɗaure shi da kyau." Ya zazzage jakar, ba komai sai ƙamshi. Ya ƙirga yatsunsa. "Shi ya sa. An ba ni sha bakwai, na raba sha takwas. Ni ma na yi mamakin albarkar."

Na zauna a ƙasa. Ban san wanda ya fi ci mini rai ba, horon da zai kuɓuce ko littafin kakana da ya tsira daga gara shekara da shekaru, bai tsira daga Kawu kwana biyu ba. Na ce mu bi gida gida mu tambaya.

"Mu tambayi tsarabar da na bayar? Kina so a ce Ilu ya yi amai ya lashe a ƙasa mai tsarki? Za dai mu je gaisuwa."

Haka muka yi gaisuwa gida shida. Kowane gida sai an zuba shayi, an kawo abinci, Kawu ya tambayi lafiyar kowa har ta maƙwabta, sannan ya ce a hankali, "Kukar nan dai ta yi kama da kuka ko?" Zuwa azahar na ci shinkafa sau biyar, ina tafiya da ƙyar. Muka dawo gida, Hajiya Zulai ta ga idona ya yi ja, na faɗa mata komai ba kwana-kwana.

"Farin ƙunshi? Wallahi ya Hadiza ni ya ba. Na ga waraƙa da rubutu, na ce magani ne daga gida. Na aika wa Khala Amina a unguwar Mahjar, gwiwa ke damunta. Yalla, ku yi sauri."

Direban tasi ɗan Damagaram ne, ya ce riyal goma sha biyar, halas, wato ba ragi. Minti ashirin muka isa.

Khala Amina tsohuwa ce haifaffiyar Jidda, mahaifinta da ƙafa ya zo hajji ta Sudan. Muna shiga na ga kwano a gabanta da baƙin ruwa, saura rabi.

"Marhaba 'yata. Rabi na sha da safe, alhamdulillah gwiwa ta saki."

Sai na ɗaga kai, na hango farin ƙyalle a kan matashi, can saman kabad.

"Tsohon ban taɓa ba, ʿaib ne," in ji ta. "Sabon na sama na jiƙa, tawadarsa ta fi fita."

Kawu ya taka mini ƙafa, amma na faɗa mata gaskiya. Abin da ta sha bayanina ne: tsawon warƙa da faɗinta, da yawan layuka, da wuraren da gara ta ci.

Ta yi dariya har da hawaye. "Ai tunda kin auna tsawo da faɗi, shi ya sa ya yi daidai da gwiwar."

Ta tambayi aikina, na yi mata bayani. Ta daina dariya. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwani, cike da takardun hanya na mahaifinta, kowace da hatimin gari, da wasiƙu. "Ashe akwai masu kula da irin wannan? Tun rasuwarsa ba wanda ya tambaya."

Talata: wajen Abhur

Cibiyar horon tana arewa, hanyar Abhur, minti arba'in da biyar. Khala Amina ta ce ƙafarta ƙafata. Mu goma sha biyu ne, kowa da littafinsa a kwali, ni da nawa a ƙyalle. Shugabar horon, wadda ake kira Ustaza, ta sunsuna shi ta tambaya ko wannan ƙamshin maganin ƙwari ne na gargajiyarmu. Daga bakin ƙofa Kawu ya ce "Na'am." Na ce a'a, daddawa ce.

"Ina rubutaccen bayanin?" in ji Ustaza.

Khala Amina ta miƙe ba sanda, ta dafa cikinta. "Yana nan, ya Ustaza." Ta ba da labarin duka da Larabci, ɗaki ya ɓarke da dariya, ni ina neman inda zan shige. Sannan ta aje gwangwaninta a kan tebur.

Ustaza ta sa safar hannu ta ɗauki takarda ɗaya, ta daɗe tana dubawa. Ta ce sun aika har ƙetaren teku suna neman irin waɗannan, ashe suna nan cikin gari, ba wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ta ce in yi bayanin littafina da ka. Na yi, domin abin da ka yi sati uku kana rubutawa ba ya gudu. Sunana ya fito, aikina na wata ukun kuma shi ne gwangwanin nan.

Dawowa

Bayan wata uku muka iso Gusau, wata Alhamis da la'asar. Kaset ɗin da Kawu ya aiko gida da labarin gwiwar Khala Amina ya riga mu zuwa, na tarar da tsofaffi huɗu a tsakar gida, kowace da kwanonta da gwiwarta. Har yau ban gama ba su haƙuri ba.

Cikin gwangwanin akwai wasiƙa ɗaya da mahaifin Khala Amina ya rubuta wa ƙanensa a Ƙauran Namoda, bai samu matafiyin da zai ba ba har ya rasu. Ita kaɗai ce saƙon da Kawu ya ɗauko daga Jidda. A kwalina ya sa ta, kuma da kansa ya miƙo mini alƙalami ya ce in rubuta suna. Washegari ya kai ta hannun jikokin mutumin.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da gidauniyar, da Hajiya Zulai, da Khala Amina. Kawu Ilu ma na gode masa, amma gobe in za mu yi tafiya, ni zan ɗaure kaya.