Naman Layyar da Ya Shiga Kotu

A shekararmu ta uku a unguwar Najma ta birnin Doha mai gidan da muke haya ya so mu tashi. Shi kansa ban taɓa ganinsa ba, wakilinsa ne ke zama a wani ɗan ofis a ƙasan benen. Shi ya shaida mini, yana murmushi, cewa za a yayyanka falonmu da katako a zuba ma'aikata. Na ce yarjejeniyarmu ba ta ƙare ba. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ba matsala.

Daga nan yau a kashe mana ruwa, gobe na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a ce mai gyara yana hanya, ga zafin Doha da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Wakilin ya sha buɗe mana ƙofa da mukullinsa ina wurin aiki, wai zai duba bututu, matata na ciki daga ita sai 'yarmu. Ni mutum ne mai saurin fushi, da don ta ni ne da tuni na kwashe kayana. Amma izinin zaman iyalina ya kusa ƙarewa, kuma sabunta shi sai da takardar haya mai rajista. Na nemi wani gidan mai irin wannan takarda wanda albashina zai ɗauka har na gaji. Idan wannan ya suɓuce, matata da yarinyar sai Zariya, ni kuma in koma ɗakin gwauraye.

Na kai ƙara kwamitin rigingimun haya, aka ba ni gaskiya. Mai gida ya ɗaukaka ƙara, ya ce babu wanda ya takura mini. Muna jiran ranar zama babbar Sallah ta zo. Matata ta soya nama ta rarraba wa maƙwabta, ta kuma ware na wakili. Ban ga wani abu a ciki ba, mutum yana ƙasan gidanka ai ba ka wuce shi da nama. Na sauka na kai masa da hannu biyu, na ɗan rusuna don ya girme ni, na tambayi iyalinsa. A lokacin ruwanmu a kashe yake, da jarka muke ɗauko na wanka daga gidan wani abokina.

Ranar zama lauyan mai gida ya gabatar da bidiyo daga kyamarar ƙofar benen. Sai ga ni cikin babbar riga, kwano a hannu, ina washe baki kamar ango. Lauyana, wani dattijo ɗan Sudan, ya juyo ya kalle ni. Alƙali ya tambaya ta bakin tafinta ko ni ne, na ce ni ne. Ya ce an tilasta mini? Na ce a'a.

"To wanda ake cuta, haka yake yi wa mai cutarsa?"

Na fara bayanin cewa a wurinmu ko ba kwa ga maciji da maƙwabci, rabonsa na layya yana nan, kuma gaisuwa ba ta nufin an shirya. Ina magana ina jin yadda take fita a bakin tafinta, gajeriya, babu nauyi. Alƙalin bai nuna komai a fuska ba, ya yi rubutu, ya ɗage hukunci.

A waje lauyana ya yi mini faɗa sosai. Ya ce su ma a ƙasarsu haka suke yi, amma ba a gaban kyamara ba, ana tsakiyar shari'a. Ya ce daga yau har hukunci ya fito babu kwano, babu murmushi, ko sallama kada wani daga gidana ya yi wa mutumin.

Makonnin nan ban ji daɗin abinci ba. Waya na motsi sai in yi maza in duba ko lauyana ne. Matata ta daina sayen abin da ba zai shiga akwati ba.

Wata safiya ina sauka da 'yata zan kai ta makaranta, muka ci karo da wakilin a ƙofa. Yarinyar ta saki hannuna ta fara durƙusawa. Na fizgo ta da ƙarfi, muka wuce ta ƙarƙashin kyamarar ba mu ce uffan ba. Sai da muka kai mota ta ɗago, idonta cike da hawaye.

"Baba, laifi na yi?"

Na ce ba ta yi ba. Na ce dai kada ta ƙara gaishe shi, in tana so mu ci gaba da zama tare.